Gwanki

Na saye shi a hannun wani ɗan kwangila a Tumfure,
ranar Laraba, bayan la'asar,
da kuɗin bijimi biyu da rabin gonar gyaɗata ta Kumo.
Dudu ta leƙo ta taga ta ce:
wannan babur ne, ko mota aka tsaga gida biyu?

Si-si ɗari shida da hamsin, in ji takarda.
Silinda biyu, giya shida,
tanki mai shanye lita ashirin bai yi gyatsa ba.
Lagireto gare shi kamar mota,
gilashi a goshi yana raba iska,
akwati dama, akwati hagu,
ɗaya na allurar shanu, ɗaya na sallaya da ƙosan hanya.
Nauyinsa kilo ɗari biyu da ɗoriya.
Wannan ba a takarda na karanta ba,
a ƙugu na ji shi,
ran da yashi ya kwashe mu a kwanar Pantami,
samari uku suka taya ni ɗagawa
suna haɗiye dariya.

Cikin gari fushi yake yi.
A cunkoson Tashar Dukku zafinsa kan gasa mini cinya,
kuloci ya ƙage yatsu.
Wata tsohuwa ta tsai da ni, da ƙullin gero a ka:
ɗan acaɓa, nawa ne Bolari?
Na kai ta. Ta ba ni ɓarin goro.

Amma bar shi ya ga titin Kaltungo da sanyin safiya.
A giya ta huɗu gunaguni yake,
a ta biyar ya gyara murya,
a ta shida sai ya yi tsit kamar mai lissafi,
kuka da giginya suna komawa baya,
allura na kan ɗari da ashirin,
gadon bayana bai ce uffan ba.
A hawan Tula, kwana bisa kwana,
da gwiwa nake lallashinsa,
ya kishingiɗa, ya miƙe, ya sake kishingiɗa.

Lamela, bakaniken Jekadafari,
ya goge hannu ya ce, Dakta, jinyar wannan ba ta talaka ba ce.
Sarƙa ta saki, wata guda ina jiran Legas.
Tayar baya ta ci buhun masara uku.
Sau ɗaya ya sha man bumburutu,
ya yi tari har Juma'a.
Na rantse zan sayar.
Na yi kaffara.

Don akwai daren nan na damina a rugar Ardo Jungudo.
Saniya na je karɓa wa haihuwa,
kububuwa ta sari autansa Gidado a dunduniya.
Ba mota. Waya ba sabis.
Muka goya mini yaron da zanen uwarsa,
wansa ya hau baya ya rungume mu duka.
Fitila ɗaya, ruwa na dukan gilashi,
asibitin Kaltungo can gaba da duhu.
Akuya ta faɗo titi a Billiri,
birki ya kama, ya saki, ya kama,
taya ba ta zame ba.
Ban duba allura ba ko sau ɗaya.
Numfashinsa a ƙeyata nake ƙirgawa.

Yanzu Gidado na kiwo,
yana ɗan ɗingishi idan hadari ya haɗo.
Ran kasuwar Kumo yakan zo ya shafa tankin,
daidai inda yashin Pantami ya kankare fenti,
ya ce, Gwanki, ya gajiya?

Awon tafiya ya haura dubu sittin.
Jiya wani ya taya, tayi mai tsoka.
Na ce sai na yi shawara.
Dudu na shanya, ba ta ko juyo ba:
in ka sayar, ƙarar me za ta gaya mini ka dawo
tun kana bakin masallaci?

Mai dai ya ƙara kuɗi.
Gobe akwai rigakafi a Dukku,
kuma sarƙar na neman giris.