Mai Cajin Salula a Gabi

Teburina ƙafa uku ne, ta huɗun bulo.
Salula arba'in ke shan wuta a kansa
daga faranti ɗaya na hasken rana.
Dala goma-goma nake karɓa.
Don batirina ba ya mutuwa
suka ce ni zan riƙe zauren Watsab.

Ba mu rubutu. Murya muke aikawa.

Daren Laraba, ga Habsu mai fura tana haki:
babur shida, ba fitila,
sun haye gulbi ta tsamiyar Nomau.
Jadi daga bakin gona: na ga sawu, tayar sabuwa ce.
Ɗan kabu-kabu daga Ɗan Isa:
an sayi mai jarka tara da la'asar,
wanda ya saya bai nemi ragi ba.

Na harhaɗa su kamar mai facin buhu,
na hau rufin lakwal
inda rizo ke yarda ya ba da sanda biyu,
na tura wa jandarma a Madarunfa.
Shanunmu suka wayi gari a turke.
Ranar ko shayi ban biya ba.

Mako uku, sai wani ya sako hoto:
ga ɗan rahoton ɓarayi.
Na duba. Buuba ne, makiyayin Rugar Tudu,
da takardar likita a hannu,
ya zo sayen maganin ɗiyarsa.
Kafin yatsana ya kai ga gogewa
hoton ya riga ni zuwa kasuwa.
An ce magana zarar bunu ce.
Wannan bunun da wuta ya fita.

Na iske sanduna a sama.
Na rantse, na sake rantsewa, muryata ta dishe.
Ya tsira da tsaga a goshi.
Tun ranar bai kawo mini caji ba,
ramin soket ɗinsa na nan, ban ba kowa ba.

Yanzu ba na turawa sai baki uku sun faɗa,
ukun ma ba 'yan gida ɗaya ba.
Wasu na cewa na yi sanyi.

Mu ɗari biyu da sha ɗaya ne a zauren.
Na san ɗari biyu da goma,
na san iyayensu.
Lamba ɗaya ba ta taɓa cewa uffan ba,
amma kowace murya ta shigo
ita ce farkon saurare.