Yaushe Ta Faɗi?

Ruwan famfo ya zo ƙarfe biyun dare,
kamar yadda ya saba a Garin Malam.
Inna Cima ba ta tashe mu ba.
Bokiti muka fara ji yana birgima kan siminti,
sannan muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunya.

Ranar farko muka ce targaɗe ne,
muka shafa man shanu, muka gasa da tsumma.
Rana ta biyu maɗori ya zo da karansa,
ya lalubi kwatangwalo, ya janye hannu:
"Wannan ya yi zurfi, kara ba ya kaiwa nan."
Gaskiya ya faɗa. Mu muka ƙara kwana,
muna jiran Lawali ya aiko daga Arlit,
muna jera jaka-jaka a kan tabarma.
Tunkiya ta tafi Kasuwar Dole, ba ta dawo ba.

A babban asibiti likita ya ɗaga hoton ga taga.
Bai tambayi shekarunta ba.
"Yaushe ta faɗi?"
Na lanƙwasa yatsu, hannu ɗaya bai isa ba.
Ya ce ƙashi yana iya jira,
ƙirji ne ba ya jira, da fatar baya,
da ƙafar da ta fara manta nauyin mai ita.

Gadon kusa da mu wata tsohuwa ce daga Mirriya,
ita ma faɗuwa, ita ma nan wurin.
Ranar aka kawo ta, washegari aka yi aiki.
Na gan ta tana jan ƙafa zuwa ƙofa,
tana yi wa jikanta faɗa don ya cika riƙe ta.
Na juya fuska, na sake ƙidaya.

Inna sai rana ta tara aka shiga da ita.
Ƙarfen ya zauna daidai, in ji su.
Amma tari ya riga ya kama ɗaki a ƙirjinta,
gyambo ya buɗe ido a gadon baya.

Yau wata huɗu. Tana kaiwa bakin zaure
da sanda, da kafaɗata, ta zauna ta maida numfashi.
Ba ta taɓa cewa mun yi jinkiri ba.
Sai dai in famfo ya yi gyaran murya cikin dare
nakan ji ta farka, tana lalubar takalmi da ƙafa,
sai ta tuna.
Shiru kaɗan.
"Barira, tashi, ruwa ya zo."