Babban Yatsa

Ƙarfe biyun dare a Agege.
An ɗauke wuta, janareton maƙwabta ma ya gaji ya yi shiru,
sai ruwa ke ɗiga a kan kwano.
"Uwale," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa,
"ɗage mini zanen nan."
Zanen gado ne fa, tsoho, ya sha wanki,
amma a kan yatsan nan ya fi buhun masara nauyi.

Na haska tocila.
Babban yatsan ƙafarsa ya yi suntum,
ja wur, yana ƙyalli
kamar tumatir da ya kwana a ƙasan kwando.

Wannan ne Sallau na mayankar Oko-Oba,
wanda ya shekara arba'in yana kayar da bijimi,
igiya a hannu, wuƙa a ɗamara.
Yau sauro ya gifta kusa da ƙafarsa,
sai da ya yi salati.

A aljihun jakata akwai jan magani,
wanda yaron kemis ya rantse mini yana aiki kamar yankan wuƙa.
Na taɓa shi. Na janye hannu.
Likitar Idi-Araba ta kalle ni ta saman tabarau ranar Talata:
"Ƙodarsa ta gaji.
Ga hawan jini, ga suga.
Kada ki kashe wutar ɗaki ɗaya da ruwan da zai rushe gidan."
Ta ce wani gishiri ne ke taruwa a gaɓa,
ƙanana, masu tsini kamar allura.
Ta rubuta ƙwaya 'yar mitsitsiya, ta ce a ƙirga, kada a ƙara.

Na ƙirga. Na ba shi da ruwa.
Na ƙwanƙwasa wa Iya Risikatu ƙofa,
ta fito da ɗankwali a karkace, ba ta tambaye ni komai ba,
ta miƙo ragowar ƙanƙarar da ba ta sayar ba,
ta ƙi karɓar kuɗi.

Na naɗe ta a tsohon rawaninsa,
na ɗora ƙafar bisa matashi biyu.
Ya ja iska ta haƙora,
ya riƙe ƙarfen gado,
sannan a hankali yatsun hannunsa suka saki.

"Hanta ce," na ce, "ta sunan jikan Alhaji Bawale.
Na ga maiƙo a bakin rigarka."
Ya juya fuska bango.
"Yanka uku kacal," ya ce.
Can kuma: "Huɗu."

Na so in yi faɗa.
Sai na tuna wanda ya riƙa dawowa da magariba
da ƙunshin hanta a takarda,
yana hura mini ita kafin ya sa mini a baki.
Yanzu ni ke auna masa gishiri da bakin cokali,
ni ke ɓoye lemon kwalba a bayan kwanuka.

Ƙanƙara ta narke, ta jiƙa tabarma.
Ladan ya gyara murya a masallacin layinmu.
Baba ya yi alwala a roba, ya yi salla a zaune,
ƙafa ɗaya a miƙe tana kallon gabas.

Da ya sallame ya ce,
"Gobe me za ki dafa?"
Na ce miyar kuɓewa, ba nama.
Ya daɗe yana kallon silin.
"To, ki sa daddawa da yawa."