Idon da Na Sayo wa Gidanmu

Abin da ya rage mana na Inno
daƙiƙa goma sha ɗaya ne cikin tsohuwar waya:
wata inuwa tana motsi gefen murhu,
fuska kamar an goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.
Luba ta kalla, ta ce, "Wace ce wannan?"
Daren nan ban runtsa ba.

Shi ya sa ranar da na kwashi adashi
na bar Mabera da hantsi,
rana tana gasa kwalta har ta yi laushi,
na nufi shagon Maidamma, bakin babbar kasuwa,
inda kyamarori ke kwance cikin gilashi
kowace da idonta ɗaya, a buɗe.

Ya jera mini uku.
"Wagga tana jawo nesa kusa,
daga nan sai ki ƙirga ƙahonin shanun Kara."
Na ce ba ni da kowa a Kara,
tsakar gidanmu duka taku ashirin ne.
"Wagga kuwa aljihu take shiga."
Na ce ba ɓoye ta zan yi ba.

Ya karanto mini lambobi, dubu kaza, miliyan kaza.
Ni malamar lissafi ce, amma ban zo da alli ba.
Tambayata daban:
tana gani a zaure in an ɗauke wuta?
Tana jin mutumin da ba ya ɗaga murya,
wanda ke magana da fata fiye da mutane?
Za ta bambanta jan zare da jar fata?
Batirinta zai kai daga la'asar zuwa magariba
ko zai suma da zafin bazara kamar ni?

Maidamma bai amsa ba.
Ya kashe ƙwai, ya janyo ƙofa rabi,
ya miƙo mini ta ukun, mai ɗan nauyi,
ya koma lungu yana raɗa farashin albasa.
Na ji shi sarai.
Na juya ta kan hannuna:
ga tabon ƙunar man gyaɗa na shekara bakwai,
ga layukan da ban san na tara ba.
Ashe haka gaskiya take in ta fito tarwai.

Na taya, ya ce albarka.
Na miƙe, ya ce zauna.
Muka daidaita, katin ajiya ya zama gyara.

A gida, Baba Atto ya ɗago kai daga kan jaka,
ya dubi abin, ya dube ni.
"Mi za a yi da huskar tsoho? Ɗauki hannu."
Na ɗauki hannu:
basilla tana shiga, tana fita,
babban yatsa mai kanta yana danne bakin fata,
rini ya zauna a farce ya ƙi tashi
tun kafin a haife ni.

Sai na rataya ta a wuya, na shiga hidima,
ban san ban kashe ba.
Minti ashirin da shida:
siminti, silifas ɗina, gindin randa,
wata kaza da ta ratsa ba sallama.
Babu fuska ko ɗaya.

Amma can baya ga muryarsa, tas,
yana ba Modi labarin ranar da Inno
ta mayar masa da takalman da ya ɗinka mata
wai ƙafar hagu ta fi ta dama kyau.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce a ba shi ruwa.

Modi ya ce in goge, ɓarnar wuri ce.
Na kwafe shi wuri uku.
Gobe zan koyi inda ake kashewa.