Kaskon Barsu

Yau kwana uku kaskonsa yana cike.
Na jiƙa masa kisra da romon kifi,
ya sunsuna, ya ɗago ya dube ni
kamar mai ba da haƙuri,
ya koma gindin dalbejiya ya kwanta.
Kaji suka taru suka cinye a gabansa,
ko kunne bai motsa ba.

Wannan fa shi ne karen da ya sace cinyar rago
ranar sunan Safiyanu,
ya tsallake danga da ita a baki,
Mai Wurno kaf ta sha labari.
Hajjo ta rantse sai an kai shi ƙetaren Nilu an yar.
Aka kai shi. Kafin isha ya dawo jiƙe sharkaf,
ya kwanta a ƙofar gida kamar ba a yi ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan
da na tsince shi cikin ruɓaɓɓen kwalekwale,
ido bai gama buɗewa ba.
Malam Zubairu ya ce in don gadin lambu ne babu laifi,
amma kada ya taka ɗaki.
Bai taɓa takawa ba.
Ya san iyakarsa fiye da wasu masu rawani.
Birai sun san muryarsa, sun bar mini ayaba,
ɓarawon injin ban ruwa ya bar masa takalmi ɗaya.

Jiya da asuba, ina alwala,
na ji kakarinsa a bayan rumbu.
Ruwa ne rawaya, da kumfa, da 'yan ganyen ciyawa.
Haƙarƙarinsa na hawa na sauka
kamar zugazugin maƙeri da ya huje.
Na kwaso ƙasa na rufe kafin Hajjo ta fito.
Ban san wa nake rufa wa asiri ba,
shi ko ni.

Mai keke ya ce ba ya ɗaukar kare ko nawa ne.
Na shimfiɗa buhu a amalanken jaki,
muka kama hanyar Sinnar, rana na dukanmu,
na yi masa inuwa da hulata.
Likitan dabbobi yaro ne, sa'an jikana.
Ya latsa cikin, ya buɗe bakin, ya duba dasashi,
ya ce ƙoda ce ta gaji, Baba, tsufa ne.
Ya yi allura, ya ce a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan,
kada a tilasta masa.
Da zai ba ni canji sai ya kau da ido.
Irin wannan kau da idon na san shi,
an yi mini shi bara, a wani asibitin.

Safiyanu ya bugo daga Jidda,
yana dariya, wai Baba har da kai kare asibiti?
Na ce masa layin ba kyau.

Tsakar dare tari ya tashe ni.
Shimfiɗar Hajjo babu kowa.
Na leƙa ta taga, ga farin wata fes,
ga ta tsugune gindin dalbejiya,
ita da ba ta taɓa kiran sunansa ba,
sai dai "wancan abin naka".
Ta dama kunu tsararo, ta fifita ya huce,
ta zuba a sakaina, ta tura da ɗan kara
har gaban hancinsa.
Tana cewa a hankali, sha mana, ɓarawon nama,
sha, na yafe.

Ya daɗe yana kallon sakainar.
Kogi na can yana tafiyarsa.
Ya lasa sau biyu, ya mai da kai kan ƙafafunsa.

Sau biyu. Ta ƙirga, na ƙirga.
Da safe ba wanda ya ta da zancen,
sai dai na ga ta ƙara gero a turmi.