Kujera Ta Tara

Wata uku ina yawo da takarda a aljihu.
Likita ce ta rubuta, da rubutun nan nasu mai kama da tsutsa:
a nema mata zaman rukuni,
inda ake koyon riƙon zuciya.
Na ce, ashe ana koyon wannan?
Ni ɗinki na koya, shekara bakwai a Fagge,
ban taɓa jin mai koyar da numfashi ba.

Nuwaira, 'yata, shekara sha shida.
In ta yi murna, gidan ba ya ɗaukarta.
In ta yi fushi, kofin shayi ne a jikin bango,
sai kuka har kiran assalatu,
sai riga mai dogon hannu a tsakiyar bazara.
Ni da nake auna hannun mutane kullum,
sai da na daɗe kafin na gane
abin da hannun rigar nan yake rufewa.

Mun yi tofi, mun sha rubutu, ban raina ba.
Goggonta ta ce iska ce.
Maƙwabci ya ce Dawanau, ya rage murya
kamar sunan zai bi shi gida.

Mai kemis ya miƙo min maganin barci.
A makarantarsu aka ce shugaba ta tafi taro.
Lambar farko a kashe take.
Ta biyu ta ce sai dai Abuja,
kuɗin da ta faɗa ya sayi keken ɗinki biyu.
Ta uku wata nas ce, tana jiran adaidaita,
ta rubuta min a bayan rasit:
Tarauni, saman shagon fenti,
Asabar, bayan la'asar.

Ɗaki biyu muka tarar.
Hagu na matasa, dama na manya.
Nuwaira ta shiga hagu ba ta waiwaye ni ba.
Na tsaya a baranda ina ƙirga motoci.
Malama Hansatu ta leƙo, na ce rakiya na yo.
Ta ce, kujera ba ta tambayar ɗan rakiya.

Mutum takwas: direban tirela, ma'aikaciyar banki,
tsohon soja mai murza hularsa a gwiwa,
saura ban riƙe ba.
A allo an rubuta layi biyu:
Kana iya ƙoƙarinka.
Kana bukatar ka canza.
Na ce, Malama, ɗaya dai ƙarya ne.
Ta ce, Malam tela,
in ka ɗinka wa yaro riga ta yi masa daidai yau,
ba ka barin saura a kalmasa?

Na yi shiru.

Mun koyi kiran fushi da sunansa
tun yana bakin ƙofa.
Mun koyi neman abu ba tsawa, ba roƙo.
Mun koyi cewa in wuta ta tashi a ƙirji
a tsoma fuska a ruwan ƙanƙara,
a bar magana sai ta lafa.
Sojan ya yi dariya, ya ce abin yara ne,
mako na gaba shi ya zo da kwano.

Daren Laraba abin ya taso mata.
An ɗauke wuta tun safe, firij ya zama akwati.
Na fita ba takalmi, na sayo ƙanƙarar ɗari biyu.
Ta tsoma fuska, ta ɗago, ta turo min kwanon.
Ta ce, Baba, kai ma.
Na tuna rediyon da na fasa tana goye,
da ƙofar da har yau ba ta rufuwa sosai.
Na tsoma.

Ba warkewa nake ba ku labari ba.
Shekaranjiya ma an yi kuka.
Amma jiya ta zo shago da shuɗiyar rigarta,
ta ajiye a kan keke,
ta ce in rage hannun.
Na ɗauko almakashi.
Ta ce, ba duka ba, Baba.
Inci biyu tukuna.