Kwana Goma Sha Tara

Lamba arba'in da biyu ce a hannuna,
'yar takarda kamar rasiɗin cefane.
Duluth, safiyar Talata, tafki ya daskare har baki,
takalmana suna ta zubar da ruwa a daɓen gwamnati.
Aka kira. Na miƙe da jakar Delbert a hammata.

Yarinyar taga ta uku, Marisol aka rubuta a ƙirjinta,
ta yi mini gaisuwar rashi, na amsa.
Ta ce, yaushe aka ɗaura?

Na ce, wanne?
Shekara talatin da ɗaya muna jan bargo ɗaya.
Ni na san gwiwar da ke yi masa tsami in hadari ya haɗu,
ni ke cuɗe jan ƙurar tama daga wuyan rigarsa
duk daren da ya dawo daga lodin jiragen ruwa.
Ta ce, na takarda nake nufi.

Na takarda, to: asibiti, ɗaki na ɗari biyu da shida,
fasto ko rigar sanyinsa bai cire ba,
nas biyu ne shaidu, ɗaya tana duba agogo.
Zoben ya yi masa yawa, yatsan ya rame,
da zaren ɗinki na naɗe shi.

Ta taɓa kwamfuta, leɓenta na ƙirga.
Doka wata tara take so, in ji ta,
naku takwas ne da kwana goma sha ɗaya.

Wata tara. Kamar ciki.
Ashe a wurin hukuma aurenmu ɓari ne.

Ta ce, ko hatsari ne? In hatsari ne akwai ƙofa.
Na ce huhu ne.
A hankali ya tafi, yadda yake cin abinci, yadda yake fushi.
A hankali ba ya cikin jerin hatsari.

To nawa gumin fa?
Maki arba'in ake nema, nawa talatin da bakwai.
Sauran shekarun a durƙushe na yi su, a banɗakunan mutane,
ladan yana jirana cikin ambulan a kan firji.
Ambulan kuwa ba ya gaisawa da gwamnati.

Har na fara tattara takarduna
sai ta ce, Wanda, kin taɓa wani auren?

Rodney.
Na ɗauka na binne sunan nan ba alama.
Shi ya sayar da keken ɗinkina ya shanye kuɗin,
shi ya sa nake dariya da hannu a baki har yau.
Shekara nawa? in ji ta.
Na ce goma da wata biyu.
Da kuɗin lauya sun taru da wuri, da tara ce.

Fuskarta ta washe kamar ta tsinci dala.
Kin cika goma, kin wuce sittin da biyu, ba ki da aure yanzu,
akwai kasonki a fanshonsa.
Ba za a rage masa ko sisi ba, ba ma sai ya sani ba.

Na dubi alƙalamin da aka ɗaure da sarƙa,
shi ma ba a yarda da shi ba.
Wanda ya hana ni kwano yau shi ne tukunyata,
wanda ya ba ni rabin numfashinsa
layi guda bai samu ba a fom.
Na sa hannu. Yunwa ba ta san zuciya ba.

A tashar bas na buɗe jakarka, Delbert,
ga katin aikinka, shekara ashirin da takwas ba latti.
Da kana nan da ka yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Kullum kai ke riga kowa isa,
ka zauna a mota da kofi kana jiran a buɗe ƙofa.
Wannan karon ma ka yi sammako.
Kwana goma sha tara, mutumina.
Ko sau ɗaya ba ka iya makara ba.